Tsutsar Haƙori: Tarihin Halittar da Ba a Taɓa Kamawa Ba

Gabatarwa

A duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai haƙori tauri da daɗewa. Idan masu tonon kayan tarihi suka buɗe tsohon kabari, sau da yawa sukan tarar nama ya daɗe da zama ƙasa, ƙasusuwa sun rududduge, amma haƙora na nan a jere kamar jiya aka binne mai su. Abin mamaki kuwa shi ne, haƙorin nan da ke iya shekara dubu goma a cikin ƙasa bai lalace ba, shi ne kuma ke yin rami cikin 'yan shekaru kaɗan a bakin mai rai, ya hana shi barci, ya hana shi cin abinci. Me ke cin abin da ƙasa ma ta kasa ci? Wannan tambaya ta daɗe tana damun mutane, kuma amsar da suka riƙe ta tsawon dubban shekaru ita ce tsutsa.

A wannan maƙala za mu bi sawun wannan tsutsa, mu ga inda aka fara ambatonta, da abin da ya sa ta daɗe a zukatan mutane, da yadda aka yi aka kore ta. Za mu kuma duba wani laifi na biyu da aka ɗora wa haƙori, wato kashe jarirai a lokacin da yake fitowa. Dalilinmu shi ne, duka fahimtocin biyu suna nan da ransu a kasuwanninmu da gidajenmu, kuma har gobe ana biyan kuɗinsu da lafiyar yara.

Ginin Haƙori

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san abin da mutanen da ba su sani ba. Haƙori kashi biyu ne: akwai kai, wanda muke gani, akwai kuma saiwa, wadda ke nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta. Idan aka tsaga shi za a tarar da hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawon da masana ke kira inamel, wanda kimanin kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, shi ya sa ya fi ƙashi tauri. Babu jini a cikinsa, babu jijiya. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori, kuma cike yake da 'yan hanyoyi sirara da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, wato wani nama mai laushi da ya ƙunshi jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi, ya bi ta cikin saiwa ya haɗu da sauran jiki.

Wannan tsari shi ne sirrin ciwon haƙori. Rami yakan fara a ɓawo, mai shi bai san ana yi ba. In ya kai dentin sai a fara jin tsami idan an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi. Ranar da ya isa ɓargo kuwa, ranar ce mutum zai kwana yana riƙe da kunci. Wanda bai san wannan ba, abin da kawai yake gani shi ne rami, abin da yake ji kuma shi ne zugi mai zuwa yana tafiya, kamar wani abu na motsi a ciki.

Zamanin Tsutsa

Ciwon haƙori ya girmi rubutu. A Mehargar, cikin ƙasar Pakistan ta yau, an tono haƙora 11 na mutum 9 da suka rayu tsakanin shekara 7,500 zuwa 9,000 da suka wuce, an tarar an huda su da matsirin dutse tun masu su na da rai. Amma rubutaccen bayani na farko kan abin da ke jawo ciwon daga Mesofotamiya ya fito, wato Iraƙi da maƙwabtanta a yau, kusan shekara 4,000 da suka wuce. A allunan yumɓu na mutanen wurin akwai wani surkulle da ake karantawa kafin a yi wa mai ciwo magani, wanda ke ba da labarin wata tsutsa da aka yi wa tayin 'ya'yan itace ta ƙi, ta zaɓi ta zauna tsakanin haƙori da dasashi tana shan jini.

Idan muka yi wa mutanen nan adalci, za mu ga tunaninsu bai yi nisa da hankali ba. Sun ga gara tana cin itace, sun ga ƙwari suna huda hatsi a rumbu, sun ga tsutsa a cikin ruɓaɓɓen ɗan itace. To me zai hana ramin haƙori ya zama aikin irin waɗannan? Bugu da ƙari, idan haƙori ya fashe aka zaro ɓargonsa, yakan fito siriri kamar zare, kuma ana kyautata zaton cewa shi ne mutane da yawa suka gani suka ce sun ga tsutsa. Shi ya sa ake samun wannan fahimta a Sin da Indiya da Turai da Afirka, a wuraren da babu alamar wani ya koya daga wani.

Manyan masana ma ba su tsira ba, domin a wancan zamani an fi dogara da abin da aka ji a kan abin da aka duba. Aristotal, babban masanin Girka na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa maza sun fi mata yawan haƙora, maganar da buɗe baki biyu kawai ya isa ya rushe ta. A ƙarni na 1 Miladiyya kuma wani likitan Rum mai suna Sikiribonius Largus ya rubuta maganin tsutsa: a zuba ƙwayar wani tsiro dangin zaƙami a kan garwashi, mai ciwo ya buɗe baki hayaƙin ya shiga, sannan ya kurkure da ruwan zafi, sai a ga 'yan tsutsotsi sun faɗo. Wannan magani ya yi fiye da shekara 1,500 ana amfani da shi, saboda dalili biyu. Na farko, hayaƙin yana sa maye, yana kashe zafi na ɗan lokaci. Na biyu, idan ƙwayar ta ji wuta takan fashe ta fitar da ɗan farin tsiron da ke cikinta, wanda in ya faɗa ruwa sai ya yi kama da tsutsa. Sai a 1757 wani Bajamushe mai nazarin tsirrai da ƙwari, Yakob Kirista Shafa, ya wallafa ɗan littafi ya nuna cewa tsutsotsin nan daga ƙwayar suke fitowa.

Duk inda aka sami jahilci da ciwo, to ba a rasa mai cin riba. Tun a ƙarni na 13 wani marubucin Dimashƙa, Abdurrahim al-Jaubari, ya rubuta littafi yana tona asirin 'yan damfarar kasuwa, a ciki har da masu ɓoye tsutsa su saka ta a bakin mai ciwo, sannan su fito da ita a gaban jama'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu cire tsutsar haƙori a kasuwar ƙauye ya san sana'ar ba ta mutu ba.

Waɗanda Suka Buɗe Suka Duba

Ba gardama ce ta kashe tsutsa ba, dubawa ce. Daga cikin waɗanda suka fara sa ido sosai akwai Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu kusa da Ƙurɗuba, ya rasu wajen 1013. A littafinsa Al-Tasrif ya zana ƙarafa iri-iri na kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙora, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, ya kuma yi kashedi a kan gaggawar cire haƙori, domin sau da yawa zafi yakan ruɗi mai ciwo ya nuna lafiyayye a cire.

A 1563 wani Ba'italiye, Bartolomeyo Yustaki, ya wallafa littafi na farko da ya keɓanta ga ginin haƙori kaɗai. Ya bambanta ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa, ya bayyana ɓargo. Ya kuma binciki muƙamuƙan jarirai, ya gano cewa haƙora suna nan a kwance cikin ƙashi tun kafin haihuwa, kuma haƙoran girma suna da nasu iri daban, ba daga saiwar na yarinta suke tohowa ba kamar yadda wasu suka ɗauka.

Sai kuma Antoni ban Liwenhuk, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya ƙware wajen haɗa madubin ƙara girma. A watan Satumba na 1683 ya aika wa Ƙungiyar Masana ta Landan wasiƙa cewa ya kankaro farin dattin da ke tsakanin haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu masu rai birjik suna motsi. Ya ga bakteriya ke nan, ko da yake shi kansa bai san su ne masu ɓarnar ba. A 1700 kuma aka aiko masa daga Landan da wasu tsutsotsi da aka ce daga haƙorin wani aka ciro su. Da ya duba sai ya tarar irin tsutsar da ke cikin cuku ce.

Daga nan tsutsa ta fara rasa wurin zama. Fiyer Foshar, likitan Faransa da ake kira uban likitancin haƙori na zamani, ya bayyana a littafinsa na 1728 cewa ya nema da ido da madubi bai taɓa ganinta ba, ya kuma zargi yawan shan zaƙi. A 1771 Jon Hanta na Birtaniya ya tsara haƙora bisa sifa da aiki, tsarin da har yau muke koyarwa a aji: babban mutum yana da haƙora 32, wato na gaba 8 masu yanka, fiƙoƙi 4 masu yaga, ƙananan turame 8, da manyan turame 12 masu niƙa.

Ainihin Ɓarawon

An kori tsutsa, amma an ɗauki fiye da shekara 150 kafin a kama mai laifin. Wanda ya haɗa zaren shi ne Wilobi Mila, Ba'amurke mai aiki a Balin, a littafin da ya fitar da Turanci a 1890. Ya jiƙa haƙora cikin yawu haɗe da burodi ko sukari, ya ga ɓawonsu yana narkewa. Bayaninsa shi ne, bakteriyar da ke manne a haƙori tana cin ragowar sukari da sitaci, tana fitar da asid, asid ɗin kuma yana narkar da ma'adinin ɓawo. Bayan kowane cin zaƙi, bakin yakan ɗauki rabin sa'a ko fiye kafin yawu ya wanke tsamin ya fara mayar da abin da ya narke. Wanda ya ci sau uku a yini ya ba yawu sarari. Wanda ya yini yana tsotsar alewa kuwa bai ba shi ba.

Tarihin cinikin duniya ya gaskata Mila. A 1700 abin da mutumin Ingila ke sha na sukari a shekara bai wuce kilo 2 ba. A 1800 ya kai kimanin kilo 8, a 1900 kuma ya doshi kilo 40. Sukarin nan na farko daga gonakin rake na Karibiyan ya fito, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka yi ta mutuwa a kansa. Da farko ciwon masu hali ne. Wani baƙo Bajamushe da ya ga Sarauniya Elizabet ta Ɗaya a 1598 ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya danganta abin da son sukarin Ingilawa. Da Birtaniya ta janye harajin sukari a 1874, sai ciwon ya sauko gidan talaka.

Hujjar ƙarshe ta zo ta hanya mara daɗin ji. Tsakanin 1945 da 1953, a asibitin masu taɓin hankali na Bifholm a ƙasar Suwidin, an yi ta ba ɗaruruwan majiyyata alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, ba tare da yardarsu ba, don a ga abin da zai faru. Haƙoran da yawa daga cikinsu sun lalace. Abin da aka gano shi ne, yawan lokutan da ake cin zaƙi da daɗewarsa a baki sun fi yawan abin da aka ci illa. An sami ilimi, amma an same shi a bakin waɗanda ba su da bakin cewa a'a.

Laifi na Biyu: Fitar Haƙori

Yanzu kuma mu juya ga yadda haƙori ke girma, domin a nan ne rashin sani ya fi cin rai. Haƙora sukan fara samuwa tun ɗa yana da kimanin mako 6 a ciki, su fara tauri wajen wata na 4. Na farko yakan ɓullo idan jariri ya kai kimanin wata 6, kuma kafin ya cika shekara 3 haƙoran yarinta 20 sun kammala. Wajen shekara 6 sai famfara ta fara, a ci gaba da musanya har wajen shekara 12. Turame na ƙarshe kan fito tsakanin shekara 17 da 25, wasu mutane kuma ba sa fito musu sam.

Ƙwayoyin halittar da ke gina ɓawo suna aiki ne a jere, kowace rana su bar ɗan layi, kamar yadda ake ganin zobba a kututturen itace. Har ranar haihuwa tana da nata layi a haƙoran yarinta, wanda aka bayyana a 1936. Da zarar haƙori ya huda dasashi, waɗannan magina sun gama aiki sun mutu. Shi ya sa ƙashi in ya karye yake haɗewa, amma ramin haƙori ba ya cikewa. Shi ya sa kuma duk abin da yaro ya sha a lokacin ginin yake zama a jikin haƙori har abada. Sinadarin fuloraid misali ne. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa ɓawo, abin da ya sa garin Giran Rafids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945. In ya yi yawa kuwa sai ya rine haƙora, ya kai ga lanƙwasa ƙashi, kamar yadda ya faru da ɗaruruwan yara a Tibiri ta jihar Maraɗi, bayan sun yi shekaru suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980.

To amma me ya sa aka ɗora wa fitar haƙori zawo da zazzaɓi da mutuwa? Amsar tana cikin lokaci. Wata na 6 da haƙori ke fitowa, shi ne lokacin da garkuwar da jariri ya samo daga uwa take raguwa, shi ne lokacin da ake fara ba shi koko da ruwa, shi ne kuma lokacin da yake fara rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Cuta ta shigo ta waɗannan ƙofofi, sai ido ya ga haƙori ya ce shi ne. Abin da fitar haƙori ke jawowa bai wuce dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima da ɗan ɗumin jiki ba.

Turawa sun daɗe cikin wannan kuskure. Tun ƙarni na 16 likitocinsu ke tsaga dasashin jarirai da wuƙa wai don a buɗe wa haƙori hanya. A rahoton mace-mace na 1842, an rubuta fitar haƙori a matsayin sanadin kusan kashi 5 cikin 100 na mutuwar jariran Landan da ba su kai shekara ba. A ƙarni na 19 an yi ta sayar da ruwan lallashin jarirai mai ɗauke da mofin, wanda ya sa wasu barcin da ba su farka ba. An kuma yi ta ba su garin magani mai ɗauke da sinadarin makyuri, wanda ya haddasa wata cuta mai sa hannu da ƙafa su yi ja, cutar da ta ɓace bayan an janye garin a shekarun 1950. A wasu sassan Gabashin Afirka, kamar Yuganda da Tanzaniya da Habasha, fahimtocin biyu sun haɗu wuri guda: idan jariri ya yi zawo sai a tsaga dasashi a ƙwaƙulo irin fiƙar da bai fito ba, a nuna wa uwa farin abu mai laushi a ce ga tsutsar. Yara da dama sun rasu ta zubar jini ko shigar cuta.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana. A ƙarshen 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari mai lalata ƙoda, ya shiga kasuwa. Kafin hukumar NAFDAC ta gama kwashe shi, an ƙidaya yara 84 da suka mutu. Gubar ce ta kashe su, amma abin da ya kai kwalbar gidajensu shi ne imanin cewa fitar haƙori cuta ce mai neman magani.

Kammalawa

Idan muka tattara wannan dogon tarihi, za mu ga darasinsa bai da wuyar riƙewa. Duk lokacin da aka ce "ai haƙori yake yi" aka bar yaro da zawo ko zazzaɓi mai zafi a gida, to an koma Landan ta 1842. Yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari yake buƙata da asibiti, mai zazzaɓi kuma a gwada jininsa. Duk wanda ya biya kuɗi aka ciro masa tsutsa, ya sayi hajar da al-Jaubari ya tona asirinta shekara 800 da suka wuce, ramin kuma yana nan yana ƙara zurfi.

Akwai kuma abu guda da mu malaman makaranta muke yawan gani a bakin ɗalibai. Babban turmi na farko yakan fito ne wajen shekara 6, a can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa sukan ɗauka na yarinta ne, in ya yi rami su ce a bar shi ai zai faɗi wani ya fito. Babu wani mai fitowa. Haƙorin da ya kamata ya yi wa mutum aiki shekara 70, sai a rasa shi kafin a gama sakandare.

Kakanninmu da suka riƙe asuwaki safe da yamma, suka kuma san zaƙi a matsayin abin marmari na ranar kasuwa ko ranar biki, sun yi daidai ko da ba su taɓa jin sunan Mila ba. Mu da muka ji, ga shi lemon kwalba da alewa da biskit sun cika ƙofar kowace makaranta, mu ne ba mu da uzuri. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Sauran aikin kuwa ba ya buƙatar madubin Liwenhuk: a goge baki sau biyu a yini da man da ke da fuloraid, a rage tsotse-tsotse tsakanin abinci, uwa kuma ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa, abin da Aristotal bai yi ba.